Kiwon Miyon

Ƙarfe huɗu na asuba a gindin tsaunin Jura.
Ƙanƙara ta binne motar Tiziana har madubi.
Mu biyu muka rage a ofis, da kofi mai sanyi,
da lissafin da ya ƙi fita tun Laraba.

Miyon muke kiwo.
Ya ninka ilektiron nauyi sau ɗari biyu da ɗoriya,
sai dai bai zo duniya da niyyar zama ba:
raba daƙiƙa gida miliyan, ka ɗauki biyu,
nan sunansa, nan jana'izarsa.
Ƙiftawar ido doguwar tafiya ce a wurinsa.

A wannan ɗan taƙi ake so mu haife shi,
mu tara shi, mu kora shi,
mu gwara kansa da takwaransa, mu ga me zai zubo.

Muna jifan curin gawayi da furoton har ya nemi tsagewa.
Abin da ke fitowa ba jeri ba ne,
zuma ce aka taɓa wa amya.
Sai mu bi da su ta ruwan haidirojin su sauke zafin kai,
mu ingiza su gaba, mu sake tsoma su,
kowane zagaye ana kirga gawa.
Maganaɗisun da zai matse su ba a ƙera shi ba tukuna.
Na gwajinmu ya fashe a watan Maris,
na kwana uku kunnena yana kuka.

An ce sauri kan haifi nawa.
A nan nawa ce ajali:
in ya kusa gudun haske agogonsa na ja da ƙafa,
mai gaggawa shi ke ganin tsufa.

Ko matattun ba su bar mu mun huta ba.
Ɓaraguzansu na cika idon na'ura da ƙarya,
muna toshewa da tungustan, yana yoyo.
Nutirino kuwa ba ya sanin kwana,
ya ratsa dutse ɗoɗar,
a taswirata ya ɓullo nesa, a wata makiyaya.

Na je makiyayar ranar Asabar.
Aurèle Montandon, shanu talatin da ɗaya, gurguwar karya.
Ya saurare ni yana kankare takalmi.
Na ce za mu nutsa ramin can ƙasa,
mu riƙa gusa maganaɗisu kaɗan-kaɗan
don kada zafin ya tsaya wuri guda.
Ya ce, madarar fa?
Na ce lafiya lau, in lissafina ya yi daidai.
Ya ce, in.

Ya ce, yaushe za a kunna?
Na ce shekara talatin, in an ba da kuɗi.
Ya dubi furfurata bai ɓoye ba.
Sittin da biyu, na ce, kada ka wahalar da kanka.

Ya yanko cuku daga rumbun ƙasa, ya miƙo a bakin wuƙa.
Na ce buɗe tafinka:
kusan kowace daƙiƙa ɗaya na ratsa shi daga sama,
kyauta, tun ranar da aka haife ka.
Ya daɗe yana kallon tafin.
Ya goge shi a wando.
Ya ce in ja ƙofa, maraƙi na jin sanyi.

Yanzu huɗu da kwata.
Tiziana ta buga tebur: ta gano kuskuren,
alamar ragi ce na sa a gurbin tari,
ni, da hannuna, tun Laraba.
Kashi uku cikin ɗari sun ƙaru a masu rai.

Uku kacal.
Ta tashi neman shebur,
ni kuma na sake kunna lissafin daga fari.