Ƙidayar Asuba

Ƙwai tara na bari da magariba,
bakwai na iske da asuba.
Wake-wake ta hau katanga, ta ƙi sauka,
ga sawu a rairayi
kamar an ja igiyar guga.

Arzika ya ce in watsa tafarnuwa.
Na watsa.
Ashe ɓarawon ba ya tsoron kayan miya.

Sai na durƙusa, da ciwon gwiwata,
na bi akurki rami-rami,
na liƙe da laka da tsakuwa.
Na sayo raga a kasuwar Tawa
da kuɗin takalmana.

Yanzu Bilbis ta yi barci.
Ina zaune da tocila, ƙafafuna bisa turmi,
ba na kiran sunansa da dare,
ina sauraren numfashin kaji.