Kwalba Ta Sha Ɗaya

A bayan Taminus, inda lungu ke matsewa
har sai ka karkata kafaɗa ka wuce,
nan shagon Kangyang yake, ba allo, ba suna.
Hanci ke kai mutum, ba ido ba.

Kwalba goma sha biyu take haɗawa a damina,
in sun ƙare, sun ƙare.
Tawa ce ta sha ɗaya,
lambar da biro ta rubuta a gindinta,
ta faɗi kuɗin ba ta ɗago kai ba.
Na haɗiye yawu, na ƙirga,
na bar kuɗin takalmi a kan teburinta.

Ta ce: kada ka yanke masa hukunci a ƙofa.
Wannan ba ya gaisuwa da murmushi,
ka ba shi zuwa la'asar.

Gaskiyarta.
Ɗigo biyu a wuyan hannu,
masoro ya fara magana,
ya mare ni a karan hanci kamar tsohon bashi,
citta na biye da shi da bakinta mai kaifi.
A cikin keke, hanyar Farin Gada,
wata mai buhun kabeji ta yi atishawa uku
ta ce, wa ya ɗauko yajin mai jego?
Na juya fuska ina kallon duwatsu.

Sai hantsi ya yi.
Masoro ya sauke murya, ya ja gefe,
kanumfari ya shigo ba sallama,
kirfa a bayansa, a hankali,
kimba da ɗan ɗacinta na hayaƙi
wanda ba ya neman a so shi.
Ina tsaye a ofis gaban injin kwafi,
sai ga teburin shayin babana
a bakin tsohon ramin kuza,
butar da ta yi baƙi, asuba, hazo,
hannunsa na jefa ƙwaya uku a tafasa,
ba biyu ba, ba huɗu ba,
ni ina rawar ɗari cikin rigar sanyin yayana.
Shekara goma sha tara da binne shi.
Wa ya gaya wa kwalba?

Inuwa na kusa da taga ya ce
turare ai fure ne da zaƙi,
irin wanda kowa ke fesawa ran Juma'a,
a yi sahu a rasa na wane ne wane.
Ban musa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Amma Jos gari ne mai sanyi,
fure yakan daskare a wuyan riga
kafin ka kai shataletale.
Nan sai mai wuta a ciki,
garwashin da aka rufe da toka,
wanda ke tashi in jiki ya ɗumama,
ya kwanta in ka kwanta.

La'asar ta zo da ruwanta yadda ta saba,
ƙanƙara na dukan kwano kamar tsakuwa.
Na fake a rumfar mai gasa masara
na kai hannu hanci:
yaji duk ya tafi.
Saura itace, da fatar tsohuwar jaka,
da wani abu kamar ƙasa bayan yayyafi
wanda na rasa sunansa har yau.

Haka wasu mutane suke.
Ranar farko ka ce ba za ku shirya ba,
sai a wayi gari su ne a bakin gadonka na asibiti.

Na koma wajen Kangyang bayan wata biyar,
kwalba ta kai rabi, hankalina ya tashi.
Ta ce citta ta bana daban take da ta bara,
ba za a sake irinsa ba, ko ita ta so.
Ta sha biyun fa?
Ta yi dariya, ta gyara mayafi.
Sai na ji shi yana fitowa daga wuyanta.

Yanzu ɗigo ɗaya nake sawa,
shi ma ba kullum ba.