Rasit a Ƙarƙashin Ƙafa

Tun da na ajiye aiki a Kongo
na mai da gareji wurin sassaƙa.
Motar an sayar tun bara waccan,
yanzu ƙamshin maɗaci ke kwana a gurbinta,
garin katako na bi na har cikin kunu.

Ladidi ta ce, "Malam, kanta nake so,
kwanukan nan sun gaji da zaman ƙasa."
Na ce, "Sati biyu."
Da azumi aka yi wannan magana,
ga shi naman layya har ya ƙare a tukunya.

Ba ƙyuya ba ce, Allah ya sani.
Kanta tana son falanki mai santsi,
santsi yana son injin goge,
injin kuwa yana shagon Obiora a Sabon Gari,
yana kallona in na wuce
kamar maraya ya hango kawunsa.

Na saye shi. Na ce mata araha ce,
mai shagon zai koma gida, yana karyar da kaya.
Ta ce, "Wannan mai shago naka,
sau uku ke nan yana komawa gida bana."

Sabon zarto? Na da yana cizon hannu.
Awartaki? Wancan na Malam Bawa ne, aro.
Magagari uku? Kowanne da bakinsa,
ke ma ai ba da muciya kike shan fura ba.
Ta ce, "Muciyata dai kullum tana ganin tuwo."

A bayan kalanda take rubuta bashina:
kanta,
ƙofar bayi mai kuka da asuba,
akurkin kaji,
allon jikanmu Sagir,
sai can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
kujerar tsakar gida.

Ni kuma me na ƙera?
Akwatin ajiye kayan aiki.
Maratayin zarto.
Teburin da zan riƙa ƙera teburi a kansa.
Ai sai an yi sharar gona ake shuka,
haka na faɗa wa kaji, su ba su musa ba.

Ran wata Laraba na fito alwala
na same ta a kan kifaffen bokiti tana wanke-wanke.
Da za ta miƙe ta dafa gwiwa,
ta dafa bango,
ta ɗan tsaya kamar mai tuna wani abu.
Ba ta san na gani ba.

Na shiga gareji. Babu wuta tun jiya,
injin yana kwance cikin kwalinsa kamar ango.
Na ɗauko gizagon mahaifina,
da tsohon zarton nan mai cizo,
da guntun ƙirya da na tsinta a Kwangila.
Kwana uku ina fama,
tafina ya yi kanta kafin ɗakinta ya samu.

Na ajiye kujerar gabanta ban ce komai ba.
Ta zauna. Ta yi dama, ta yi hagu,
ƙafa ɗaya ta gaza 'yan'uwanta.
Na buɗe baki zan ɗora wa siminti laifi,
ta tashi ta shige ɗaki,
ta dawo da takarda, ta ninka ta huɗu,
ta cusa ƙarƙashin gajeruwar.
Kujera ta tsaya cak.

Na sunkuya. Na gane tambarin Obiora.
Rasit ɗin nan ne da na ɓoye
cikin hular da ba na sawa,
dubu tamanin da biyar, babu ragin ko sisi.

Ta gyara zama, ta jawo kwando.
"To, ga shi injin ya yi aiki," in ji ta.
"Saura kanta."

Na ce, "Kanta tana son ma'auni, kada ta karkace."
Ba ta ɗago ba, tana ta gyaran alayyafo.
"Yaushe zai koma gida?"