Kafin In Sa Hannu

Sun ba ni takarda mai gurbi biyu.
Na dama: zai riƙe. Na hagu: ba zai riƙe ba.
Suka ce in dawo da ita kafin la'asar.

Na sauka a ƙasan gadar Tamburawa
da guduma, da igiyar awo, da biron aro.
Challawa na kwance, launin shayi mai madara,
tana tafiyar wadda ba ta taɓa cin gidan kowa ba.

Tifa arba'in ta juye duwatsun nan bara.
Kowane ya kai tunkiya a kwance.
A zanen ofis kowane ya san nauyinsa,
kowane ya sa kafaɗa a ta ɗan'uwansa.
Na bi su ɗaya-ɗaya ina ƙwanƙwasawa
kamar mai neman gidan haya.
Wannan ya amsa ƙal.
Wancan ya ce dum, kabewa ce ta ruɓe daga ciki.
Na shafa masa jan fenti, na wuce.

Baba Cindo mai yashi yana zaune kan kwale-kwalensa,
shekara talatin yana nutso a nan,
har idonsa ya koma garwashi.
Ya ce, "Injiniya, kai kike dubawa.
Ruwa ƙafa yake ci."

Ya ɗauko gorarsa ya shiga har ƙugu,
ya zura ta ƙarƙashin dutsen gindi.
Ta shige kamu ɗaya,
ta shige biyu,
hannunsa ya bi ta har hamata.
Da ya zaro, wani baƙin ƙyalle ya biyo bakinta,
shimfiɗar da aka ce za ta tare ƙasa
ta zama tsumma.

"Ba ya kokawa da dutse," in ji shi.
"Ɓera ne a rumbu. Ƙwaya-ƙwaya yake ɗiba,
sai ranar da dutse ya nemi wurin zama ya rasa."

Na ce lissafina ya nuna
irin ambaliyar da za ta motsa su
sau ɗaya take zuwa a shekara hamsin.
Ya tofar da goro.
"Kin karanta mata lissafin?
Sau biyu ta zo tun da aka yaye jikata."
Ya nuna mini gindin mangwaro,
inda leda ke rataye sama da kaina.

A bisa gaɓa Asabe na shanya kayan makaranta,
riguna uku, ƙaramar ba ta da maɓalli.
Mai bulo ya jera na yau suna shan rana.
Daga katangarsu zuwa dutsen farko
taku tara na ƙirga. Na sake: tara.

Waya ta yi ƙara a jakata. Na san ko wane ne.
Na bar ta ta gaji.

Gabas ta fara haɗa rai,
iska ta kawo ƙamshin ƙasar wani gari.
Na ɗora takardar a bayan dutsen da ya ce ƙal,
na tsallake gurbin dama, na tsallake na hagu,
na rubuta a gefe, inda ba a tanadi layi ba:
rami a gindi, tsawon taku goma sha uku,
a cike kafin Agusta.

Biron ya ɗauke a tsakiyar sunana.
Ɗigon farko ya faɗo kan kwanan wata.