Haɗiyar Saƙo

Ƙarfe biyun dare a Naraguta.
Sanyi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya cafke mini idon sawu.
Kwalabe arba'in a kan benci, an toshe su da auduga,
kowacce gari guda na 'yan ƙudaje masu jan ido,
irin masu damun 'yan ayaba a Farin Gada.
Nanret ta tafi gida, ta bar mini janareto da rabin shayi.

Na tsaga tsutsa a ƙarƙashin madubi,
na ciro abin da zai zama fiffike,
bai kai ƙwayar acca ba.

Ga ƙwayoyin halitta nan, kafaɗa da kafaɗa
kamar gidajen Gangare.
Saƙo ya iso ƙofar ɗaya.
Ba ta sallame shi daga soro ba.
Fatarta ta lotsa, ta yi ɗan rami,
ta ɗaure baki kamar ƙullin kanwa a gefen zane,
ta ja shi ciki,
da shi da kunnen da ya ji shi.
A can ƙurya ake yanke shawara:
wannan a narkar,
wancan kunnen a mayar waje ya sake saurare.

Na kusa da mai magana su samu da yawa,
na nesa su tsinci ragowa,
da haka kowacce ke sanin matsayinta:
ke jijiya ce, ke baki-baki, ke gashi.

Wadda ta kasa haɗiyewa fa?
Maganar na nan a ƙofa tana ƙwanƙwasa,
jiya, yau, jibi,
ita kuwa ta yi ta rabuwa ba birki
har fiffike ya koma ƙari.

Nan na ɗago kai.

Yaya Tasalla, shekara uku ke nan
kalmar da kika yaɓa mini ranar rabon gidan Dilimi
tana tsaye a bakin kunnena da takalmanta.
Inna ta sha cewa, haɗiye, 'yar nan.
Na ɗauka tsoro take koya mini.
Ashe haɗiya ma aiki ce:
a shigar, a kwance, a ware
abin narkarwa da abin mayarwa.

Janareto ya yi tari, ya ci gaba.
A kwalba ta tara wani ya fito daga kwansonsa,
fari sol, fukafukai a cukurkuɗe,
yana jiran su bushe.

Lambarki na nan, ban goge ba.
Saura tsutsa goma sha ɗaya
kafin a kira assalatu.