Bayan Farin Layi

Sai an kwashe shinkafa muke fara atisaye.
Filin namu ne daga la'asar,
kafin nan na manoma ne.
Tsohuwa Perpetua kan baza shanyarta
tun daga gindin wannan kwando har wancan,
ni kuwa ina zaune kan buhu, usur a wuya,
ina jiran rana ta gama nata aikin.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Manila
da lamba tara a bayana.
Na san kukan takalmi a kan katako mai sheƙi,
na san yadda mutum dubu goma ke yin tsit
in ƙwallo ta bar yatsa, ba ta kai zobe ba tukuna.
Sai gwiwar hagu ta ce ta gaji.
Ba ta yi shawara da ni ba.
Likita ya kafa mata ƙusa biyu,
yanzu ita ke gaya mini hadari na tafe
kwana guda kafin rediyo ya faɗa.

Yarana goma sha uku, takalma ƙafa biyar.
Sauran silifa ne,
Efren ma cire nasa yake in wasa ya yi zafi,
wai siminti ya fi sanin tafin ƙafarsa.
Suna kirana Koci.
Watan farko, in an kira, waiwayawa nake
in ga ko tsoho Balderama ya shigo
da tawul a kafaɗa da bakin nan nasa mai yaji.
Shekararsa shida a kabari.
Ashe ni ake nufi.

Ba wanda ya gaya mini
hannu ba ya jin labarin ritaya.
Ƙwallo ta gangaro waje, ta tsaya a ƙafata,
na ɗauka, yatsu suka sami mazauninsu da kansu,
kafaɗa ta daidaita, ido ya auna zobe,
ai ko daga nan ma...
Sai na ga idanu ashirin da shida a kaina.
Na miƙa wa Liwayway.
Na ce, sake.

Ran Asabar muka hau jirgin ruwa zuwa Guimaras.
Saura daƙiƙa bakwai, suna gabanmu da maki ɗaya.
Na durƙusa kan gwiwar da ta rage mini,
na zana da alli a ƙasa:
kai nan, ke can, a ba Efren.
Kowa ya gyaɗa kai.
Aka hura usur. Mutum biyu suka rufe Efren.
Liwayway, wadda ba ta kai kafaɗar kowa ba,
ta duba dama, ta duba hagu,
ta jefa da kanta.
Ƙwallo ta zagaya bakin zobe
kamar baƙon da ke neman gida da dare,
ta leƙa ciki,
ta fasa.

Maganar Balderama ta hau harshena,
ita ce dai, da gishirinta da barkononta,
wadda ya watsa mini ina ɗan sha bakwai
na kwana uku tana tokare da ƙirjina.
Na ji ɗacinta. Na haɗiye.
Ƙafata na kan farin layi, ban tsallaka ba.
Yarinyar ta taho tana ƙirga yatsun ƙafarta.
Na ce, gwiwar hannunki ta buɗe,
Litinin mu gyara.
Amma da kika ga ba hanya kika jefa,
wannan kam ba ni na koya miki ba,
kuma kada ki bari.

A jirgin dawowa duk barci ya kwashe su,
kai bisa kafaɗa, silifa a warwatse.
Buhun ƙwallaye na tsakanin ƙafafuna,
injin yana tari, fitilun Iloilo suna matsowa.
Gwiwa ta fara zogi.
Gobe akwai ruwa.
Sai na biya na gaya wa Perpetua
kada ta yi shanya.