Rantsuwa a Kan Wasali Ɗaya

A takardar makaranta ni Tanimu ne,
a katin ɗan ƙasa kuwa Tanimo.
Wani magatakarda ne alƙalaminsa ya zarce,
ya rufe bakin wasali,
sai ga ni mutum biyu,
banki bai san ko ɗaya ba.

Na hau bene a Titin Ahmadu Bello,
sanyin Jos na biye da ni har matakala.
Barista Nanle ba ta tambayi mutanen gida ba.
"Ta asali nake so," in ji ta, "ba kwafi ba."
Ta ɗaga takardar ga hasken taga
kamar mai zaɓen ƙwai a Taminus,
ta dubi hoton, ta dube ni,
ta koma ga hoton, wanda ya fi ni suma.

Ka rantse kai ne kai?
Na rantse.
Ragon sunana ne babban shaida,
sai dai an cinye shi tuntuni.

Ta sa hannu, ta manna jan tambari,
ta danne shi da ƙarfe
har takardar ta yi tabo.
Babban littafi, lamba ɗari biyu da tara.
Dubu bakwai. Ga rasit.
"In waje za ta, sai ka kai ta Abuja,
su shaida ni ma ni ce."

Na sauko ina shafa tabon da yatsa.
Mai lemo ya ɗago kai:
"Tanimu! Kwana biyu."
Bai nemi ganin komai ba.